Dangar da Ban Rubuta Ba

Ni ne auta a ɗakinmu, kuma ni kaɗai aka sa a makarantar boko. Na yi elementare a Gwarzo, ban wuce nan ba. Da na gama aka ɗauke ni ƙaramin malami a ofishin hakimi, a ƙarƙashin wani tsohon magatakarda da ba ya rabuwa da jan fensir a bayan kunne. A zamanin Turawa ne wannan. Gidanmu yana wani ƙauye kusa da Garo, ta wajen Kabo. Ran Alhamis da la'asar nakan hau keke in tafi gida, in dawo ran Asabar da sassafe.

Rahoton farko da aka sa ni rubutawa na wata rijiya ne da ta rufta a bakin kasuwa. Na zauna na cika shafi guda da rabi. Na yi gaisuwa, na yi addu'a, na faɗi wanda ya fara haƙa rijiyar, na kawo yadda mata suka yi ta salati. Na miƙa wa magatakarda ina jiran yabo. Ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam ƙarami, wannan rahoto ne ko tatsuniya? Saura ka ce ga ta nan ga ta nanku."

Ya zaro jan fensir ya yi ta ja. Da ya gama, abin da ya rage shi ne: rijiyar kasuwa ta rufta ran Talata, ba wanda ya mutu, ana bukatar masu haƙa. Na ji haushi ƙwarai. Amma da na koma mazaunina na sake dubawa, sai na ga babu abin da ya ɓata. Duk wanda ya karanta layukan nan uku zai ga ramin, zai ga matan da tulunansu, ba sai an faɗa masa ba. Daga ranar na kamu da son taƙaita magana. Cikin wata shida na fi tsohon iya yanka. Har gaisuwar mutane a hanya ta soma gundurata, ina ji ana ta ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, ni kuwa ina ja da jan fensir a zuciyata.

Babanmu ya riga ya rasu a lokacin. 'Yan'uwana mata suna gidajen mazansu. Yayanmu, ɗan farin Inna, ya tafi cin rani wajen haƙar kuza a ƙasar Jos, ya ce zai dawo kafin shuka, sai ga shi ya shekara huɗu. Yakan aiko da saƙon baki da ɗan abin da ya samu ta hannun masu zuwa, shi ke nan.

Kowa ya san uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane. Amma Inna tata kunyar ta yi yawa. Ban taɓa jin ta yi wa Yaya magana kai tsaye ba. In ta gama tuwo yana ƙofar gida, ba za ta kira shi ba, sai ta ce da kaji, "Ku matsa, tuwon mutane yana hucewa." Sai ka ga ya shigo ya ɗauka. In zai tafi gona da rana tsaka, sai ta ce wa bango, "Malafa dai tana rataye, ba ta da aiki." Sai ya dawo ya sa. Ni kuwa sunana take kira tun daga ɗaki har ƙofar gida, ta ja kunnena, ta ba ni ƙanzo a baki. Ni ba a taɓa yi mini magana ta bayan gida ba, saboda haka ban taɓa koyon jinta ba.

A shekarar da nake ba da labari, Inna ta soma tari tun kafin ruwa ya sauka, ƙafafunta kuma suna kumbura. Tana dai tashi, tana ɗan taɓa aiki. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune ina shafa wa sarƙar kekena mai, ta ce, "Auta, ɗauko takardar nan taka."

"Wa za a rubuta wa, Inna?"

"Kai ka sani."

"Ban sani ba. Sarkin Ingila?"

"Ka ga ɗan nema. Mutumin can na wajen duwatsu."

Wannan ne karo na farko da ta taɓa neman a rubuta masa. Na ɗauko takarda da tawada, na ɗora a bayan faifai. Ta gyara zama, ta juya fuska wajen rumbu kamar da shi take magana.

Ta ce in gaishe da mai gidan da yake zaune, da matan gidan, da limamin wajen, da duk wanda yake ba shi ruwa. Shi kaɗai ne ba ta ce a gaisar ba. Sannan ta ce, "Ka ce dangar bayan ɗakina ta kwanta tun ruwan farko. An tayar, ta sake kwanciya. Ɗaurin yanzu ba ya riƙewa. Ka ce jar akuyar nan na aika wa Gwaggo can Kara ta kiwata. Ka ce kuka ta yi ganye, bana ban shanya ba."

Na ajiye alƙalami. "Inna, me ake so a gaya masa? Ya zo ne?"

"Ka ji na ce ya zo?"

"To in rubuta ba ki da lafiya?"

"Wa ya ce ba ni da lafiya? Ga ni zaune. Kai dai rubuta abin da aka faɗa maka."

Raina ya ɓaci. Na yi tafiyar keke cikin taɓo don in zo in zauna ina rubuta labarin akuya da ganyen kuka. Kuma na san Yaya ba ya karatu, wani akawu ne a barikinsu yake karanta wa mutane wasiƙu, wanda aka ce ya yi babbar makaranta. Na hango shi yana riƙe da takardata yana karanta maganar akuya da ƙarfi, lebura suna dariya, yana tambaya wane baƙauye ne ya rubuta wannan. Akwai kuma abu na uku, wanda na daɗe ban yarda da shi ba ko a zuciyata. Ni ne na tayar da dangar nan, har sau biyu, da hannun da bai saba ba, igiya ta yanke ni. Shi ne ake cewa ɗaurin yanzu ba ya riƙewa.

Ga abin da na rubuta: Bayan gaisuwa. Inna tana gaishe ka. Kowa lafiya. Damina ta fara da kyau. Ka aiko da labarinka.

Na dube shi na ji daɗi. Babu kalmar da ta yi yawa.

"Karanta mini," in ji Inna.

Nan ne na yi abin da ya fi komai muni. Na ɗaga takardar, na kafa mata ido, na maimaita duk abin da ta faɗa daga ka, da gaisuwar liman, da danga, da akuya, da kuka, har ina bin layi da yatsa. Ta saurara tana gyaɗa kai. Ta miƙo hannu ta karɓi takardar, ta juya ta, ta duba bayanta.

"Duk maganar nan a 'yar wannan?"

"Boko ne, Inna. Haɗiye magana yake yi."

"Ikon Allah. Shi ya sa masu shi ba sa ƙiba."

Muka yi dariya tare. Na liƙa kan sarki, ran Asabar na ba masinjan ofis da zai shiga Kano.

Amsa ta zo bayan mako uku, da rubutun akawun, mai kyau kamar na ɗab'i. Yaya ya gode wa Allah da kowa yake lafiya, yana gaishe da Inna, aiki ya yi yawa, in Allah ya so zai zo bayan babbar salla. Wannan kam na karanta mata yadda take.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duba ƙasa. Ba a ce komai kan danga ba?"

"Ba a ce ba."

Ta ɗauki mafici ta yi ta fifita, alhali ranar akwai sanyin ruwa.

Wasiƙa ta biyu a tsakiyar marka muka yi ta. Ta fi ta farko tsawo. Danga ta sake shigowa. Ta ce akuyar ta haihu a can Kara, ba ta je ta gani ba. Ta ce zaren da take kaɗi don a saƙa gwado, tunda an ce wajen duwatsu akwai sanyi, ya tsaya a mazari, yatsu sun ƙi murzawa. Ta faɗi waɗansu abubuwan. Ni hankalina yana kan hadarin da ya taso ta gabas, ina tunanin yadda hanya za ta kasance gobe. Na rubuta layi huɗu, na karanta mata layi ashirin.

Wannan karon, don neman yabo, na nuna wa magatakarda kafin in rufe ambulan. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wannan ai ta ofis ce. Tsohuwarka ce ta faɗi haka?"

"Taƙaitawa na yi, Malam. Ta yi ta zancen danga da zare."

Ya ciro jan fensirinsa, ya dube shi, ya mai da shi bayan kunne. "Rijiya na san ta, na san wanda zai karanta labarinta, shi ya sa na yanke. Maganar uwarka da ɗanta ban san ta ba. Ni ba zan taɓa ta ba."

Na fita ina gunaguni. Mutumin da ya koya mini yanka, yau shi ne yake ja da baya. Na ce a raina tsufa ne. Na aika da ita yadda take.

Amsar ta zo irin ta farko, sai dai yanzu zuwan ya koma bayan kaka.

Ta uku gajeriya ce, ko a bakin Inna. Gero ya soma nuna, ita kuma ta daina fitowa tsakar gida sai an riƙe ta. Ba ta gaishe da liman ba, ba ta gaishe da kowa ba. Ta ce, "Ka ce dangar tana nan a ƙasa. Awakin maƙwabta suna shigowa har bakin ɗaki. Ka ce na daina korarsu." Na jira ƙari, ta ce shi ke nan.

Wannan ai layi uku ne. Babu abin da za a taƙaita a ciki. Kuma kada in yi wa kaina ƙarya, a ranar na fahimci abin da take nufi, ko ban fahimci duka ba. Amma in na sa danga yanzu, Yaya zai tambayi wace danga, tun yaushe, me ya sa sai yau. Ƙaryar da na yi sau biyu ta riƙe mini hannu. Na rubuta cewa Inna tana ɗan fama da tari amma da sauƙi, kuma ana sa ran ganinsa in ya samu hali. Na ɗauka na yi dabara. Ba ta ma ce in karanta mata ba.

Da amsa ta zo, da addu'ar samun sauƙi da ƙullin wani magani da ya saya wajen Turawan kamfani, ta ce a ajiye a kan rumbu. Daga nan ba ta ƙara cewa in ɗauko takarda ba.

Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta taso daga Kara ta tare a gidan don jinya. Mace ce da ba ta ɓoye magana. Wata Alhamis ina sauka daga keke ta tare ni a zaure.

"Kai malamin takarda. Ɗan'uwanka wane irin dutse ya haɗiya a can? Sau uku matar nan tana aika masa. In akwai wayar nan ta Turawa da ake bugawa, ka je ka buga masa. In ya ƙi, ya ƙi da saninsa."

Washegari na wuce Kano na buga waya, wato talgiram: Inna ba lafiya, taho. Kwana shida ya iso.

Da la'asar ya shigo, da ƙullin kayansa a kafaɗa, ya rame, ya yi baƙi. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin, ya durƙusa a waje kamar yadda ya saba. Inna tana kwance ta ba ƙofa baya. Ba wanda ya yi tsammanin za ta amsa masa, ba ta taɓa yi ba. Amma sai ta ce da Gwaggo, "An yi baƙo ne? A ba shi ruwa."

Na ga fuskar Yaya. A duk zagaye-zagayen maganarta ba ta taɓa kiransa baƙo ba. Bai sha ruwan ba. Ya tashi ya zaga bayan ɗaki don ya kama ruwa, ya daɗe, sannan ya dawo ya tuɓe riga.

"Auta, akwai sabon kara?"

An gama yankan dawa, kara yana jibge a bayan gida. Ya kwaso, ya nemi igiyar rama, ya soma haƙa ramukan dirka da kansa. Na ce in taya shi, ya ce in je in zauna da Inna.

Ina ciki ina riƙe mata ƙwaryar kunu, ƙarar kara tana shigowa ta bango, da nishinsa in ya ja igiya. Ta buɗe ido.

"Wa ke taɓa dangar?"

"Yaya ne."

Ta sake rufe idon. Can ta ce, "Sau uku." Ta numfasa. "Sai da aka buga masa ƙarfen Turawa."

Daga ni sai ita a ɗakin. Gwaggo tana wajen murhu. Abin da zan faɗa bai kai layi biyu ba, ni da na ƙware a gajeriyar magana: bai ji ba, Inna, ni ne ban rubuta ba. Na buɗe baki, na ce, "Sha kunun kafin ya huce."

Na ce wa kaina gobe, in ta ɗan samu ƙarfi, kada in tayar mata da hankali. Gobe ta zo, mata 'yan dubiya suka cika ɗakin. Jibi da hantsi ta cika. Dangar tana tsaye, ya gama ta tun ranar da ya zo.

Bayan sadakar bakwai, muna zaune mu uku a inuwar rumbu, Gwaggo ta kasa haƙuri.

"Ni dai sai na faɗa, ko za ka ji haushi. Uwarka ta aika maka da maganar dangar nan har sau uku, ka yi kunnen ƙashi. Da me kuzar ta fi ta?"

Yaya ya ɗago kai. "Wace danga?"

"Ji shi. Wadda ka ɗaure mana."

Ya shiga ɗaki ya fito da wata 'yar jakar fata. Wasiƙun uku suna ciki, a naɗe cikin tsumma, sun yi laushi don yawan taɓawa. Ya warware tsumman.

"Ba a karanta mini danga ba. Ko sau ɗaya. Akawun nan ne! Kullum cikin sauri yake, mutane a layi, ya karanta maka biyu ya tsallake goma. Wallahi in na koma sai na shaƙe shi a gaban Baturensa. Auta, karɓi. Karanta mini duka, kada ka bar komai."

Na karɓa. Zan iya yi masa yadda na yi wa Inna, na riga na iya. Akawun yana can nesa, ban san shi ba. Ban ce tsoron Allah ne ya hana ni ba, don bai hana ni a ɗakin Inna ba. Ina jin gajiya ce kawai. Na karanta abin da ke kan takardar, layi huɗu, layi huɗu, layi uku. Sannan na ce, "Akawu bai tsallake komai ba, Yaya. Ni ne."

Gwaggo ta yi salati, ta soma zagina tun daga boko har wanda ya kawo shi. Yaya ya ɗaga mata hannu.

"Danga ta ce?"

"E."

"A ta farko?"

"A duka ukun."

Ya dubi ƙasa. "Ranar da zan tafi na ɗaure ta. Kana makaranta. Ta fito da tsintsiya ta ce wa kaji, in wannan ta faɗi ba ni da mai tayarwa. Ni kuma na ce wa dangar, mai ɗaurin zai ji." Ya share fuska da tafin hannu. "Tunda kana son gajeriyar magana, da kalmar nan ɗaya ka sa, ko ba gaisuwa. Da ban kwana a can ba."

Ya juyo gare ni.

"Ka gaya mata? Kafin ta cika, ka gaya mata ban ji ba?"

"A'a."

Ya tattara wasiƙunsa, ya naɗe su a tsumman, ya tashi. Na so ya mare ni, bai yi ba. Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu ya zo da sassafe ina ɗaure kaya a keke, ya ajiye mini takarda da tawada a kan turmi.

"Rubuta. Yadda ta faɗa."

Na aika ofis na ce ba ni da lafiya, na zauna. Ta farko ta zo mini duka, har gaisuwar mai ba shi ruwa. Ta uku ba ta da wuya. Ta biyu ce ta gagare ni. Na tuna danga, na tuna akuya ta haihu, na tuna zare a mazari. Amma tsakanin akuyar da zaren akwai wani abu da ta faɗa. Na san akwai, don na tuna ta yi 'yar dariya da ta faɗe shi, ta rufe baki da gefen zane, kuma na maimaita mata shi a lokacin daidai, har ta sake murmushi. Ya fita daga kaina sarai. Na tambayi Gwaggo, ta ce ita tana Kara a lokacin, in tambayi bokona.

Na karanta wa Yaya abin da na samu. Ya sa na maimaita wajen gwado sau biyu. Da na zo gurbin na gaya masa gaskiya.

"Dariya ta yi?"

"Ta yi."

"To ka tuno."

Bai koma wajen kuza ba. Ya yi noma a gonar babanmu har ya tsufa, muka aurar da 'ya'yan juna, bai taɓa goranta mini a gaban kowa ba. Amma in na zo gida, bayan an gama gaisuwa, in mutane sun watse, sai ya ce, "Auta, abin nan ya dawo maka?" Na yi ta ƙoƙari. Na zauna a inda na zauna ranar, da faifai a cinya. Na sha ƙirƙiro wani abu mai daɗi a hanya, in ce yau zan ba shi ya huta, in na ga fuskarsa sai in kasa. Ranar ƙarshe da na gan shi yana kwance, ya tambaya, na ce bai dawo ba.

Abin da nake tunawa sarai daga wannan lokacin shi ne hadarin gabas, da tayar kekena ta baya da na lura ta ɗan saki iska.